Yadda ake haɗa ban ruwa na ɗigo-ɗigo da bokiti ɗaya, dabarar manoman hamada a zangon Ankara

Duk wanda ya taɓa wucewa ta unguwar Dzorwulu a Ankara da sassafe ya ga ƴan uwanmu masu lambu a ƙarƙashin manyan wayoyin wuta, buta biyu a hannu kowacce lita 15, a je kwata a ɗebo a dawo a kwarara a kan latas a sake komawa, tun asuba har rana ta take, wallahi ƙugun mutum kafin ya kai shekara hamsin ya gama aiki. Ni ma da haka na fara a ɗan filin bayan gidanmu a Ashaiman, sai dai ni ba kwata gare ni ba, ruwan saye nake yi a galan ɗin Kufuor, jarkar roban nan rawaya, to kun san wanda yake sayen ruwa ba ya iya kallonsa yana malala a banza.

Mutane suna ganin tunda muna bakin teku ai ruwa ba matsala ba ne. Ankara (tamu ta Gana nake nufi ba ta Turkiyya ba) ruwan samanta a shekara bai cika kai milimita 800 ba, Kumasi tana samun kusan ninkinsa, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu idan hunturu ya sauko ƙasa bushewa take ƙayau, famfo kuma ya zo yau ya ɗauke kwana huɗu. Shi ya sa abin da masu bincike suka gano a hamada yake mana amfani a nan. Wani injiniya a Isra'ila mai suna Simcha Blass ya lura da wata bishiya da ta fi ƴan uwanta girma a busasshen wuri, da aka tona sai aka ga fayif ne yake yoyo a gindinta kaɗan-kaɗan. Daga nan tunanin ya taso, a 1965 aka kafa kamfanin Netafim a Hatzerim cikin hamadar Negev, wurin da ruwan sama yake kusan milimita 200 a shekara. Lissafin da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, take bayarwa shi ne idan malala ruwa kake yi a ƙasa kusan 60 cikin 100 ne ke amfanar shuka, na feshi 75, na ɗigo kuwa 90. Abin da zan nuna muku ƙaramin sa ne, na talaka, ba inji ba lantarki, nauyin ruwan ne kawai yake tura kansa.

Kafin ka sayi ko da guntun tiyo, fara da gwada ƙasarka. Wannan matakin kowa tsallake shi yake yi kuma shi ne uban aikin. Ka samu robar ruwa babba ta lita ɗaya da rabi, ka huda gindinta da allura, ka cika ta ka ajiye a busasshiyar ƙasa ta ɗiga har ta ƙare, ka bari awa kamar biyu sai ka ɗauko fartanya ka yanka wurin daga sama zuwa ƙasa kamar kana yanka burodi ka duba siffar danshin. Idan rairayi ce irin ta wajen Teshie da bakin teku zaka ga danshin ya nutse siriri kamar karas, idan baƙar laka ce irin ta wajenmu zai buɗe gefe-gefe kamar albasa. Faɗin da ka gani shi zai gaya maka tazarar da zaka bari tsakanin huda da huda, so ake danshin wannan ya taɓa na wancan. A rairayi santimita 20, a laka 30 zuwa 40 ma ya isa. Kuma rairayi ba ta riƙe ruwa, ita kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a rana take so, laka kuwa sau ɗaya ma ta gode.

Sai komi, wato gadon da zaka yi shuka a kai. Faɗi mita 1, tsawo mita 10, kada ka wuce 15 domin bokiti ba shi da ƙarfin da zai kai ruwa ƙarshen dogon layi. Ka zuba ruɓaɓɓen kashin kaji ka juya, wanda ya daɗe ya huce, ɗanye ƙona saiwa yake. Abu mafi muhimmanci komin ya daidaita, ba tudu ba kwari. Idan filin yana da gangare sai bokiti ya zauna a can sama layi ya gangaro, kada ka yi akasin haka.

Yanzu lissafin ruwa, kuma kada sunan ya tsorata ka. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1, shi kenan sirrin. Kayan lambu da suka girma a lokacin rani irin namu suna shan kamar milimita 4 zuwa 6 a rana. Kominka mita 1 sau 10 murabba'i 10 kenan, ka ɗauki 5 a tsakiya, lita 50 a rana, wato galan ɗin Kufuor biyu na lita 25, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Sabon dashe ba ya shan haka, rabi ma ya ishe shi a makonnin farko, idan tumatir ya fara fure da ƴaƴa kuma a lokacin yake buɗe baki. Ka riƙe wannan adadin a matsayin mafari kawai, ƙasa ce zata riƙa gyara maka shi, zan zo kan wannan.

Kayan da zaka nema: bokiti ko jarka mai lita 20 zuwa 25 mai murfi, baƙar tiyo mai kauri milimita 16 kamar mita 22, mahaɗa mai baki uku ɗaya da ƴar gwiwa biyu, ƙaramin kan famfo na roba, tsohuwar robar tayar keke, yadi mai laushi ko tsohon mayafi, da katako ko bulo na yin kafa. Masu sayar da kayan famfo a ko'ina suna da waɗannan. Tiyon lallai baƙa, fara ko mai shara-shara rana na shiga cikinta gansakuka ta tsiro ta toshe maka komai cikin sati biyu. Idan ka samu tiyon kamfani mai ɗigo a jikinta a shagon kayan noma kuma aljihu ya yarda, saye kawai kada ka tsaya wahala, domin abin da Blass ya ƙirƙira ba ƙaramar huda ba ce, wata doguwar hanya ce mai lanƙwasa-lanƙwasa a cikin roba da take rage wa ruwa gudu, shi ya sa kowane baki yake bada kusan daidai da ɗan uwansa. Ta hannu ba za ta kai ta ba, amma tana aiki.

Kafa bokitin ya zama gindinsa yana sama da ƙasa mita 1 zuwa 1 da rabi. Kada ka kai shi sama sosai don kwaɗayin ƙarfi, ka tuna kai zaka riƙa ɗaga lita 25 kana juyewa safe da yamma, ko madam ko yara ranar da ba ka nan. Ka huda jikin bokitin ba gindinsa ba, kamar yatsa uku daga ƙasa, saboda laka da yashi su kwanta a ƙasa kada su bi tiyo. Ka sa kan famfon a nan ka ɗaure da robar taya har yoyo ya tsaya. Daga famfo guntun tiyo ya sauko ƙasa, mahaɗa ta raba shi biyu, layi biyu su kwanta a kan komin da tazarar kamar santimita 50 tsakaninsu. Ƙarshen kowane layi ka lanƙwasa shi ka zura a cikin wani guntun fayif ya riƙe, kada ka liƙe shi da wuta ko gam, zaka buƙaci buɗe shi a kai a kai. Bakin bokiti kuma ka ɗaura yadin nan ninki biyu, duk ruwan da zai shiga sai ya bi ta cikinsa, ko da na famfo ne mai kyau kamar hawaye.

To hudar, a nan na sha kashi. Karon farko da ƙusa na yi, na sa ta a garwashi na bi tiyo ina caka, ina jin kaina wani injiniya. Da na buɗe famfo sai hudojin farko suka riƙa tsartuwa kamar fitsarin jariri har suna jiƙa bango, na ƙarshe kuwa ko gumi ba su yi ba, cikin minti bakwai bokiti ya ƙare. Wani dattijo Bazabarme da yake gadi a maƙwabtanmu, wanda ya yi noman albasa a gida kafin ya zo Gana, yana zaune a kan benci da carbinsa yana kallona. Ya ce, yaro wannan ban ruwa kake ko wankan tsarki kake yi wa bango? Na ce Baba ai haka na ga ana yi. Ya ce kawo allurar ɗinki, ƙaramar, kuma kada ka sa ta a wuta ta yi ja, ɗumi kawai. Da ita na sake yi a sabuwar tiyo. Ka miƙe tiyon a rana ta yi laushi ta daina naɗewa, ka ja layi da alli a bayanta don hudojin su zama a jere, ka auna tazararka da sanda guda da ka yanka, ka caka sau ɗaya ka zare ba tare da juyawa ba. Sannan ka yanka guntayen tiyo masu tsawon yatsa, ka tsaga kowanne ta gefe ka rufa shi a kan huda kamar hannun riga, shi zai kashe tsartuwar ya mai da ita ɗigo. Wajen shimfiɗawa hudojin su kalli sama, idan suka kalli ƙasa duk dattin da ya kwanta a cikin tiyo a bakinsu zai taru.

Kada ka dasa komai sai ka yi gwajin gwangwani. Nemi gwangwanayen madara shida iri ɗaya, ka tona musu ɗan gurbi a ƙarƙashin huda ta farko da ta tsakiya da ta ƙarshe a kowane layi, cika bokiti, buɗe famfo, duba agogon waya minti 10, rufe, ka jera su ka leƙa. Idan sun yi kusa da juna Alhamdulillahi. Ni ƙa'idata idan na ƙarshe bai kai kashi uku cikin huɗu na na farko ba to akwai gyara, ko dai hudojin farko sun yi girma, ko layin ya yi tsawo, ko akwai tudu a tsakiya. Wadda ta yi girma ka naɗe ta da robar taya ka huda wata a gefenta. Lissafin ma yana da daɗi, layi biyu na mita 10 da tazarar santimita 30 huda 66 kenan, idan kowacce tana bada lita 1 a awa galan ɗinka zai ɗauki minti 20 da ɗoriya kafin ya ƙare. Idan ka ga yana ƙarewa cikin minti biyar to ba ɗigo kake yi ba.

Dashe kuma da yamma, bayan ka saki bokiti ɗaya ƙasa ta nuna maka tabon danshi, kowane tsiro a gefen tabo kamar faɗin tafin hannu daga huda, ba a kanta daidai ba don kada wuyansa ya ruɓe. Tumatir, attaruhu, gauta, kuɓewa, kabeji duk suna son wannan tsarin. Ayoyo da alefu da ake watsa irinsu sun fi wahala, sai dai ka shuka su a layi kusa da tiyo kuma ka taimaka musu da buta a satin farko har su fito. Bayan dashe ka rufe komin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon kwakwa da masu saran kwakwa suke zubarwa a bakin titi, har tiyon ma ka rufe, rana ba za ta shanye danshin ba kuma robar zata fi daɗewa. Garin katako na kasuwar timba ana iya shimfiɗa shi a sama amma kada ka cuɗa shi da ƙasa, yunwa yake sa wa shuka ganye ya koma rawaya.

Abin da zai dame ka a satin farko shi ne ido. Mun saba ganin komi ya jiƙe sharkaf sannan hankali ya kwanta, a nan kuwa saman ƙasa a bushe zaka gan shi, sai zuciya ta ce ƙara. Kada ka ƙara. Tura yatsa ko ka tona kamar tsawon tafin hannu kusa da saiwa, ɗebo ƙasar ka dunƙula, idan ta dunƙulu ba ta ɗiga ba daidai ne, idan ta wargaje ƙara rabin galan, idan ruwa ya fito tsakanin yatsunka rage. Ganyen da ya yi laushi da tsakar rana ya miƙe da la'asar ba ƙishi ba ne, zafi ne. Wanda ka tarar a langaɓe da asuba shi ne mai ƙishi na gaske.

Toshewa ita ce ciwon wannan harka, ko a Negev ɗin da ita suke fama. Duk sati ka buɗe ƙarshen layukan ka saki ruwa ya wanke cikin har ya fito fari sannan ka mayar, ni ranar Juma'a da safe nake yi don kada in manta. Ka wanke yadin, ka juye lakar gindin bokiti, murfi kuma kullum a rufe saboda gansakuka da sauro. Lokacin da ruwa ke tafiya ka bi layi da ido, inda ba tabon danshi ka ɗan ƙwanƙwasa tiyon da yatsa, idan ta ƙi sai allura. Taki ta cikin bokiti kuwa yuriya kaɗai nake yarda da ita domin tana narkewa tas, kamar cokali ɗaya a galan sau ɗaya a sati, a bi ta da ruwa zalla. Takin zamani na NPK 15-15-15 yana barin gari, jiƙon kashin kaji kuma kada ma ka fara, waɗannan a ƙasa ake sa su. Ɓeraye suna tauna tiyo da rani don ƙishi, ajiye musu ruwa a wani kasko can gefe yana rage ɓarnar, awakin zango kuwa sai shinge.

Sai gishiri, wanda mu na Ankara ya fi shafa. Burtsatse da rijiyoyi da yawa a nan ruwansu zartsi ne, ka ɗanɗana zaka ji, sabulu ma ba ya kumfa sosai. Ɗigo yana da wata baiwa a nan, tunda gindin saiwa kullum a jiƙe yake gishirin turuwa yake zuwa bakin danshin, zaka ga farin zobe kewaye da kowane tabo. Da irin wannan ruwan ake noman tumatir a Negev har ma ya fi zaƙi. Amma shuka ba ɗaya ba ce, tumatir yana jurewa, kabeji da attaruhu tsaka-tsaki, latas da albasa kuwa ba sa son sa ko kaɗan. Idan ruwanka zartsi ne ka riƙa ƙara kaɗan a kan lissafi don ya riƙa tura gishirin ƙasa, ka gauraya da na famfo ranar da ya zo. Ga kuma abin da zai ba ka mamaki, ranar da yayyafin farko ya sauka a Maris ko Afrilu kada ka rufe famfo ka ce Allah ya hutar da kai, buɗe shi zaka yi, domin ƙaramin ruwan sama yana narka farin zoben nan ya koro shi cikin saiwa, shuka ta ƙone cikin kwana biyu kana mamaki. Sai an yi ruwa mai ƙarfi da ya wanke ƙasa sosai sannan ka huta.

Wane ruwa za a zuba? Ruwan alwala shi ne na fi so, ba sabulu ba mai, ka ajiye baho a inda ake alwala a gida ka ga abin da zai taru daga asuba zuwa isha'i, gidan haya mai mutum goma sha ya kusa ba ka galan. Ruwan da na'urar sanyaya ɗaki take ɗigarwa shi ma ba gishiri a cikinsa. Ruwan wanki mai omo da bilic a'a. Na kwata kuma gaskiya ɗaya ce, da shi ake noman yawancin latas ɗin da ake sa mana a kan wakye, kuma masu binciken IWMI, cibiyar binciken ruwa ta duniya, waɗanda suke da ofis a nan Ankara, tare da jami'ar KNUST sun gwada a Kumasi sun ga ɗigo yana rage ƙwayoyin cuta a jikin latas sosai tunda ruwan ba ya taɓa ganye. Sai dai shi ne ya fi kowane ruwa toshe huda, dole ka bar shi ya kwana a wani mazubi ya kwanta ka tace sau biyu, kuma duk da haka a wanke ganye da kyau kafin a ci.

Wanda ba shi da filin komi, tsakar gida ce kawai da ɗan lungu, ga dabarar tulu, wadda ta girmi Blass nesa ba kusa ba, an rubuta ta a China shekara kusan 2000 da suka wuce. Tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da fenti ko siminti ba, a binne shi har wuya, a cika da ruwa a rufe bakin, a dasa attaruhu ko tumatir uku zuwa huɗu kewaye da shi tazarar tafin hannu. Jikin tulun yana tsattsafo ruwa ne gwargwadon bushewar ƙasa, idan ta jiƙe ya rage da kansa, duk kwana uku ko huɗu ka leƙa ka cika. Na mangwaro ko lemo sabon dashe kuma ka ara daga ramin shuka da ake ce wa "zai" na mutanen Yatenga a Burkina, wanda marigayi Yacouba Sawadogo ya farfaɗo da shi har aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, ƙasar da ka tono ka tara ta ta ɓangaren gangare ta tare ruwa, taki a ciki, gara ta zo ta huda ƙasa ruwa ya samu hanyar nutsewa. Na bishiya sai ka faɗaɗa ramin.

Idan damina ta kankama a Mayu da Yuni ka wanke layukan karo na ƙarshe, ka bar su su tsane, ka naɗe su da faɗi ba tare da karyawa ba ka rataye a inuwa inda ɓera ba zai kai ba. Ka ɗaura ƙyalle a bakin da yake wajen bokiti don ka gane shi, domin idan ka juya layin a Nuwamba hudojin da ka gyara za su koma inda ba nasu ba, sai ka sake fito da gwangwanayen madara.